Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Birnin Bafalo Ke Shirin Guguwar Dusar Ƙanƙara

Idan hunturu ya kama a ƙasarmu, abin da muka saba gani shi ne hazo da ƙura da kaushi da faso. Da asuba yara su kewaye wuta suna jin ɗumi, manya su ƙudundune cikin bargo, amma da hantsi ya ɗaga sai sanyin ya saki, kowa ya kama harkar gabansa. To, akwai garuruwan da hunturu kan zo musu da abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba, har ya rufe hanyoyi, ya ɗauke wutar lantarki, ya kashe mutum a cikin motarsa ko a ƙofar gidansa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan garuruwa shi ne Bafalo, a jihar Niyu Yok ta ƙasar Amurka, daf da iyakar Kanada. A ƙidayar da aka yi a 2020 mutanensa sun kai wajen 278,000. Ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda mutanen wannan birni ke shiri idan aka ce musu guguwar dusar ƙanƙara tana tafe, da kuma abin da kan auku idan shirin ya gaza.

Da farko ya kamata mu rarrabe ƙanƙara da dusar ƙanƙara. Ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda kan faɗo tare da ruwan sama, dunƙule-dunƙule kamar tsakuwa, ta farfasa ganyen shuka, sa'an nan ta narke nan da nan. Ita kuwa dusar ƙanƙara laushi gare ta, fara fat, tana saukowa a hankali kamar audugar rimi. Tun da yake sanyin wurin ya wuce inda ruwa ke daskarewa, watau sifiri a ma'aunin santigireti, ba ta narkewa idan ta sauka. Sai ta yi ta taruwa a kan hanya da rufin gida da motoci, ta yau a kan ta jiya. A Bafalo, a shekara ɗaya akan sami kimanin inci 95, watau kusan ƙafa takwas.

Saukar dusar kaɗai ba ta cika tayar wa mutanen birnin da hankali ba, domin sun saba. Abin tsoro shi ne idan ta haɗu da iska mai ƙarfi. Hukumar duba yanayi ta Amurka tana da ƙa'ida a kan wannan. Ba ta kiran abu guguwar dusar ƙanƙara sai iska ta kai gudun mil 35 a awa ɗaya, dusar da ke tashi ta hana mutum hangen abin da ya wuce rubu'in mil, kuma an yi awa uku ko fiye ana cikin wannan hali. Wanda ya taɓa shiga hazo mai kauri zai ɗan gane abin da ake nufi, sai dai a can idan abin ya tsananta direba ba ya ko ganin hancin motarsa, mai tafiya a ƙasa kuwa yana iya ɓata tsakanin gidansa da na maƙwabcinsa.

Me ya sa Bafalo ta fi sauran garuruwa shan wannan wahala? Dalilin shi ne wani babban tafki mai suna Eri, wanda tsawonsa ya kai wajen mil 240, birnin kuwa yana zaune ne a ƙarshensa na gabas. Ruwa ba ya saurin hucewa kamar ƙasa, saboda haka a watannin Nuwamba da Disamba ruwan tafkin yana da sauran ɗumin da ya tara a lokacin zafi. Idan iska mai tsananin sanyi ta gangaro daga arewacin Kanada ta bi ta kansa, sai ta kwashi tururi da ɗumi, tururin ya tashi sama ya daskare ya zama gizagizai. Da gizagizan sun iso gaɓa sai su juye abin da suka ɗauko. In an yi rashin sa'a iskar ta biyo tafkin ta tsawonsa, daga kudu maso yamma, to, Bafalo ce ke gabanta. Wani abin mamaki shi ne dusar kan sauka a siririn layi, har wata unguwa ta nutse, wata kuma da ke nesa da 'yan mil kaɗan ana ganin rana.

Tsofaffin birnin har yanzu suna ba da labarin guguwar 1977. A hunturun nan tafkin ya daskare da wuri, dusa mai yawa ta taru a kansa. Ran Jumma'a 28 ga Janairu, da hantsi, mutane suna wuraren aikinsu, sai iska ta taso da gudun da ya kusa mil 70 a awa ɗaya, ta kwashe dusar da ke kan tafkin ta watsa cikin gari. Sabuwar dusar da ta sauko daga sama ba ta fi ƙafa ɗaya ba, amma wadda iska ta tara ta binne motoci, a wasu wurare har ta kai rufin gidaje. Dubban mutane suka kwana a ofisoshi da masana'antu da kantuna. Fiye da mutum 20 suka rasu a yankin, wasunsu a cikin motocinsu aka same su. Shugaban ƙasa na lokacin, Jimmy Carter, ya ayyana yankin a matsayin inda bala'i ya afka wa, wanda shi ne karo na farko da aka yi haka a Amurka saboda dusar ƙanƙara.

To, yaya ake shiri? Shirin hawa-hawa ne, kuma kowa da nasa rabon aikin.

Masu duba yanayi su ne ke fara kaɗa ƙararrawa. Da taimakon tauraron ɗan Adam da na'urar hangen hadari da kwamfuta, yanzu sukan gane guguwa tana tafe tun da sauran kwanaki. Sanarwarsu iri biyu ce, kuma ana koya wa kowa bambancinsu. Ta farko ita ce ta a zauna da shiri, ma'ana akwai alamar guguwa nan da kwana ɗaya ko biyu ko fiye, sai kowa ya je kasuwa, ya sha mai, ya karɓo magani. Ta biyu ita ce gargaɗi, ma'ana abin ya tabbata, ya iso ko yana daf da isowa, lokacin fita ya wuce. Ana watsa waɗannan ta rediyo da talabijin da wayar hannu da intanet.

Daga nan sai aikin hukuma. Tun kafin hunturu ake gyara manyan motocin share hanya, masu wani faffaɗan ƙarfe a gaba mai kama da bakin garma, wanda ke ture dusar gefe. Ana kuma tara gishiri tsibi-tsibi a rumbuna. Amfanin gishirin shi ne ruwan da ke da gishiri ba ya daskarewa a sifiri sai sanyi ya ƙara ƙasa, don haka idan aka barbaɗa shi a kan kwalta sai ƙanƙarar ta narke, tayar mota ta sami abin kamawa. Wani lokaci tun kafin dusar ta fara akan fesa ruwan gishiri a hanya don kada ta manne. Amma gishiri yana da iyaka. Idan sanyi ya kai kimanin digiri 10 ƙasa da sifiri, aikinsa ya ragu ƙwarai, sai a koma ga yashi ko wasu sinadarai. Har wa yau hukuma kan umarci masu motoci su kawar da su daga gefen titi don motocin shara su sami wucewa. Kamfanin lantarki kuma kan kira ƙarin ma'aikata daga wasu jihohi su zauna kusa, domin iska da nauyin ƙanƙara kan karya itatuwa su faɗa kan wayoyi.

Akwai kuma wuraren fakewa. Akan buɗe makarantu da ɗakunan taro na unguwa da wuraren ibada, a kunna musu na'urar ɗumama ɗaki, a ajiye barguna da abinci, don wanda wuta ta ɗauke masa ya sami inda zai je. Marasa matsuguni, masu kwana a titi, akan bi su a kwaso su tun kafin dare. Asibitoci kan riƙe likitoci da nas-nas su kwana a wurin aiki, don an san gobe ba mai iya zuwa ya canje su. Masu zuwa wankin ƙoda kuwa akan yi ƙoƙari a matso musu da ranarsu, domin jinkirin kwana uku ko huɗu yana iya zama ajalinsu. Makarantu kan rufe tun kafin a fara, don kada yara su maƙale a hanya.

Hukuncin da ya fi kowane wuya shi ne na hana tuƙi. Idan aka rufe hanya da wuri, 'yan kasuwa da ma'aikata su yi asara, in guguwar ba ta zo da ƙarfi ba kuma a yi ta zargin hukuma da tsoro. Idan aka makara, motoci sun riga sun cika titi. Mota ɗaya da ta maƙale a tsakiyar hanya tana tare motar shara, ta tare motar asibiti, ta tare 'yan kwana-kwana, sai laifin mutum ɗaya ya shafi unguwa guda.

Shi kuwa magidanci, abin da ake shawartarsa shi ne ya tanadi abin da zai ishi gidansa aƙalla kwana uku ba tare da fita ba. Ruwan sha galan ɗaya ga kowane mutum a kowace rana, watau kusan lita huɗu. Abincin da ba ya bukatar dahuwa, kamar na gwangwani da burodi da busassun 'ya'yan itace. Madarar jarirai, da magungunan masu ciwon sukari da hawan jini. Tocila da batir, da rediyo mai batir, domin idan wuta ta ɗauke talabijin ya zama kwalliya. A cika wayar hannu da caji, a cika tankin mota. A toshe kafofin taga da ƙarƙashin ƙofa, in wuta ta ɗauke kuma iyali su taru a ɗaki ɗaya, su sa tufafi rubi-rubi, domin iskar da ke tsakanin riga da riga ita ce ke riƙe ɗumin jiki. Akan kuma bar famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Dalili kuwa, ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, wannan kumburin kuwa ya isa ya fasa bututun ƙarfe, ranar da aka sami sauƙin sanyi gida ya cika da ruwa.

Abubuwan da ke kashe mutane a irin wannan lokaci sanannu ne, shi ya sa ake ta nanata su. Na farko sanyin kansa. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Idan ya sauka ƙasa da 35, mutum zai fara da makyarkyata, sa'an nan harshensa ya sarƙe, hankalinsa ya rikice, barci ya kama shi, daga barcin kuma sai a ji labari. Yatsu da hanci da kunne kuma suna iya daskarewa har a yanke su. Ba a murza wurin da ya daskare, ba a kuma kara shi a wuta, sai dai a tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi. Na biyu shi ne kwasar dusa da shebur. Aiki ne mai nauyi, ga sanyi yana matse jijiyoyin jini, saboda haka kowace shekara akan sami dattawan da zuciyarsu ta tsaya suna cikin share ƙofar gida. Na uku nauyin dusar a kan rufi, kamar yadda aka gani a Nuwamban 2014, lokacin da kusan ƙafa bakwai ta sauka a garuruwan da ke kudu da Bafalo, rufin gine-gine da dama ya rufta.

Na huɗu shi ne wanda ya fi kowane yaudara, watau wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Tana fita daga duk abin da ke ƙonewa inda iska ba ta wadata ba, ko gawayi, ko kananzir, ko fetur, ko gas. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan mutum ya shaƙe ta sai ta kama jininsa ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamunta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, amma mai barci ba ya jin ko ɗaya. Don haka ake gargaɗin kada a kunna janareto a cikin gida ko gareji, a ajiye shi a waje, nesa da ƙofa da taga da aƙalla ƙafa 20. Kada a shigo da murhun gawayi ɗaki. A riƙa leƙawa waje ana share bakin bututun da hayaƙin na'urar ɗumama gida ke fita, don kada dusa ta toshe shi. Wanda guguwa ta rutsa da shi a mota kuwa, shawarar ita ce ya zauna ciki, ya kunna injin kamar minti goma a kowace awa don ya sami ɗumi, ya ɗan sassauta gilashi, ya kuma tabbata dusa ba ta toshe salansa ba.

Duk wannan ilmi yana nan a rubuce, ana kuma maimaita shi kowace shekara. Amma shekarar 2022 ta nuna cewa sani daban, aiki da shi daban. A watan Nuwamba na shekarar aka yi wata dusa mai yawan gaske, har wani gari da ke kudu da Bafalo ya sami inci 80. An hana tuƙi tun daren da za ta fara, iskar ba ta yi tsanani ba, waɗanda suka rasu ba su kai goma ba. Bayan wata ɗaya sai ga wata. Masu duba yanayi sun yi kwanaki suna cewa irin wannan sau ɗaya mutum kan gan ta a zamaninsa. Ta iso ran Jumma'a 23 ga Disamba da safe, saura kwana biyu Kirsimati. Ba a hana tuƙi ba sai ƙarfe tara da rabi na safiyar nan, alhali mutane da yawa sun riga sun fita aiki ko cefane. Iska ta wuce mil 70 a awa ɗaya, aka yi awa 37 ana cikin guguwa ba sassauci, dusar da ta sauka a kwanakin ta haura inci 50. Motocin asibiti da na 'yan kwana-kwana da na 'yan sanda su kansu suka maƙale, aka yi sa'o'i masu yawa ana kiran neman agaji ba mai iya zuwa. Dubban gidaje suka zauna ba wuta. Sai da gwamnar jihar, Kathy Hochul, ta turo sojoji, suka riƙa bi gida-gida suna duba mutane. Ba a buɗe hanyoyin birnin ba sai bayan kusan kwana shida. Fiye da mutum 40 suka rasa rayukansu, wasu a mota, wasu a kan titi, wasu a gidajen da suka huce, wasu kuma suna jiran motar asibiti.

Ga abin lura a nan. Dusar Disamba ba ta kai ta Nuwamba yawa ba, amma ta fi ta kisa nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne iska, da faɗawarta cikin tsakiyar birni, da kuma lokacin da aka rufe hanya. Binciken da masana daga Jami'ar Niyu Yok suka yi wa birnin a 2023 ya nuna cewa gargaɗin bai isa kunnen jama'a yadda ya kamata ba, kayan aikin ceto kuma sun yi ƙaranci. An kuma ga cewa mutuwar ta fi yawa a unguwannin talakawa, galibi na baƙar fata. Dalilin ba boyayye ba ne. Cewa mutum ya tanadi abincin kwana uku magana ce mai sauƙi ga mai kuɗi a aljihu. Wanda sai ran Jumma'a ake biyansa, ko wanda in bai je aiki ba za a yanke masa albashi, ko wanda ba shi da mota kuma kanti yana nesa, dole ta fitar da shi. Ashe shirin gari bai cika ba sai an tuna da wanda ba ya iya shirya wa kansa.

A nan ne maƙwabtaka ta yi rana. Mutane suka buɗe ƙofofinsu ga baƙin da ba su taɓa gani ba, masu shaguna suka kwana da matafiya, masu wani irin babur da ke tafiya a kan dusa suka riƙa kai magani suna kwaso marasa lafiya. Ta Facebook aka riƙa sanar da inda tsohuwa take ita kaɗai, ko inda jariri ya rasa madara, na kusa ya taka ya je. Saboda haka masu ba da shawara yanzu suna ƙarfafa cewa tun kafin guguwa kowace unguwa ta san tsofaffinta da naƙasassunta da masu juna biyu, a karɓi lambar wayarsu, a san wanda zai leƙa su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada kuma a ɗauka garin da bai saba da sanyi ba ya tsira. A Fabrairun 2021 sanyi mai tsanani ya gangara har jihar Tekzas da ke kudancin Amurka, inda ba a gina tashoshin lantarki da bututun gas don jure daskarewa ba. Gidaje fiye da miliyan huɗu suka rasa wuta, hukumar jihar kuma ta ƙidaya mutum 246 da suka rasu, cikinsu har da waɗanda hayaƙin janareto da na gawayi ya kashe.

Mu dai dusar ƙanƙara ba ta sauka a ƙasarmu, ko da yake akwai 'yan'uwanmu da karatu ko neman abinci ya kai su irin waɗannan wurare, wasunmu ma watakila nan gaba su je. Amma wannan iskar guba da na ambata tana nan tare da mu. Kaskon gawayin da ake shigarwa ɗaki a rufe ƙofa da taga a daren hunturu, da janareton da ake kunnawa a zaure ko a lungun ɗaki don tsoron ɓarayi, guba ɗaya suke fitarwa da wadda ta kashe mutane a Bafalo da Tekzas. Ina roƙon iyayenmu, idan sanyi ya kama, a fitar da garwashi waje kafin a kwanta, janareto kuma a bar shi a fili nesa da taga. Mu kuma ɗalibai, idan muka koma gida hutu, mu bayyana wa na gida dalilin haka, mu kuma riƙa leƙa tsofaffin unguwarmu da safe mu ga yadda suka kwana.